Me ke sa kayan finafinan almarar kimiyya tsada a gwanjo, kuma ta ina mai sha'awa zai fara?

Tambaya: Malam, na ga labarin an sayar da wani takobi na fim ɗin Star Wars a kan sama da dala miliyan uku, abin ya ɗaure mini kai. Me ke sa irin waɗannan kaya tsada haka? Yaya ake bambance na gaske da na jabu? Kuma mai ƙaramin ƙarfi irina, da ke son finafinan nan tun yana yaro, yana da ƙofar shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, labarin da ka gani gaskiya ne. A watan Satumba na 2025 gidan gwanjo na Propstore ya sayar da takobin hasken Darth Vader, mugun cikin labarin, a birnin Los Angeles, wanda aka yi faɗa da shi a finafinan Star Wars na 1980 da 1983. Tayin da aka sallama a kai dala 2,900,000 ne, da aka ɗora la'adar gidan gwanjo sai kuɗin ya tashi 3,654,000. Takobin kansa kuwa, in ka ɗauke shi a hannu, mariƙin filashin wata tsohuwar kyamara ne ƙirar Ingila, aka manna masa 'yan robobi da tarkace. Babu zinariya a jikinsa, babu azurfa.

Tambayoyinka uku duk tushensu ɗaya. Waɗannan kaya ba a ƙera su don su daɗe ba. An yi su ne su yi 'yan makonni a gaban kyamara, daga nan a watsar. Daga nan ƙarancinsu ya samo asali, daga nan wahalar tabbatar da su ta taso, kuma shi ne dalilin da ya sa suke lalacewa a hannun wanda bai san yadda ake riƙonsu ba.

Kafin shekarun 1970 kamfanonin fim ba su ɗauki kayan nan a bakin komai ba. Abin da za a iya sake amfani da shi a mayar sito, saura a zuba a bola ko a ƙone. Wasu masu shirya fim ma da gangan suke hallaka nasu. Stanley Kubrick, bayan ya gama 2001: A Space Odyssey a 1968, ya sa an lalata mafi yawan ƙananan samfuran jiragen sararin samaniya da zane-zanen fim ɗin don kada wasu su ɗauka su yi ƙananan finafinai da su. Da aka zo yin ci gaban labarin a 1984, sai da maƙera suka riƙa faɗaɗa hotuna daga tsohon fim ɗin suna kwaikwayo kafin su sake gina jirgin. Shi ya sa lokacin da samfurin ɗaya daga cikin jiragen, wanda ya tsira, ya fito gwanjo a 2015, cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta biya dala 344,000 ta saye shi don gidan tarihinta.

Kasuwar kanta za a iya cewa a watan Mayu na 1970 aka haife ta, lokacin da kamfanin MGM ya shiga matsin kuɗi ya sayar wa wani ɗan gwanjo mai suna David Weisz kayan sitonsa kaf a kan kusan dala miliyan ɗaya da rabi, shi kuma ya yi kwanaki yana gwanjonsu. A nan aka fara ganin cewa akwai masu biyan kuɗi don tufar da jarumi ya sa. Duk da haka an daɗe ba a waye ba. Alkyabbar da Alec Guinness ya sa a Star Wars na 1977 ta koma cikin kayan haya na wani kamfanin tufafin fim a Landan, ana ba da ita haya a matsayin rigar limamin kirista, har masu zuwa biki suna ara, sai wajen 2005 aka gane ta. A 2007 gidan Bonhams ya sayar da ita fam 54,000.

To ka ga, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ba ya ƙaruwa. Tun daga shekarun 1990 kwamfuta ta karɓe mafi yawan aikin da ake yi da ƙananan samfuran jirage, don haka samfurin da aka ƙera da hannu a 1976 ba shi da magaji. Na Star Wars ma ƙarancin ya fi tsanani, domin kamfanin Lucasfilm ya adana mafi yawan nasa a taskarsa kuma ba ya sayarwa. A ɗaya ɓangaren, yaran da suka kalli finafinan nan a sinima yanzu dattawa ne, wasunsu attajirai. Kaya ƙalilan, masu so da yawa kuma da kuɗi a hannu. Haka aka sayar da mutum-mutumin nan Robby na fim ɗin Forbidden Planet na 1956 a kan dala 5,375,000 a Bonhams ta New York a 2017. Haka kuma, bayan rasuwar maƙerin samfura Greg Jein a 2022, abokansa da ke tattara kayansa suka buɗe wani kwali a garejinsa suka tarar da samfurin jirgin yaƙi na X-wing, mai tsawon inci 20, ɗaya daga cikin huɗu da aka ƙera don ɗaukar hoto na kusa a fim ɗin 1977. Gidan Heritage da ke Dallas ya sayar da shi dala 3,135,000 a watan Oktoba na 2023.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin nan ne ake cin kuɗin mutane. A fim ba a yin abu ɗaya tak. In jarumi zai riƙe bindiga, ana yin wadda za a haska kusa, mai ƙarfe da fenti mai kyau, wani lokaci har da fitilu masu aiki. Ana yin ta roba mai laushi don wurin faɗa da faɗuwa, kada a ji wa kowa ciwo. Ana zuba wasu da yawa a mazubi, a shafa musu fenti sama-sama, a raba wa 'yan cika fage da ke can nesa. Ana kuma ajiye na ko-ta-kwana waɗanda har a gama fim ba a taɓa su ba. Samfuran jirage ma haka: akwai na hoto, akwai marasa nauyi da aka yi musamman don a tarwatsa su da nakiya. Dukkansu kayan fim ne na gaskiya, amma tsakanin farashin na farko da na ƙarshe akwai nisa ƙwarai, sau goma ko fiye. Saboda haka in kana karanta kundin gwanjo, ka lura da kalmomin da aka zaɓa. Cewa "an ƙera shi don fim ɗin" daban, cewa "an yi amfani da shi a fim ɗin" daban, cewa "an daidaita shi da hoton fim ɗin an tabbatar shi ne" kuma daban. Gidajen gwanjo na kirki suna auna waɗannan kalmomi da kyau, kuma abin da ba su rubuta ba kada ka ƙara musu da zatonka.

Daidaita kaya da hoton fim shi ne hujja mafi ƙarfi, kuma shi ne ilimin da nake so kowane mai sha'awa ya koya. Ana tsayar da fim ɗin hoto bayan hoto, a mafi kyawun kwafin da ake da shi, ana neman alamar da ba za a iya maimaita ta ba: ƙarzanar da ta ratsa fenti, ɗigon fenti da ya gangara ya bushe, jijiyar katako, ɗinkin da ya karkace, inda zanen yadi ya haɗu a kafaɗa. Alama ɗaya ba ta isa, domin mai jabu ma yana kallon fim ɗin kuma ya iya ƙarzana. Ana so a sami alamu da yawa a wurare dabam-dabam, musamman ƙanana waɗanda sai an ƙura ido, kuma a gan su a hotunan bayan fage da na masu lura da daidaiton fitowa, waɗanda jama'a ba su cika gani ba. Fitowar finafinai a kwafi mai tsananin haske ta taimaka wa wannan aiki ƙwarai. Kayan da aka yi shekaru ana yarda da su sun faɗi, wasu da ake shakka kuma sun tabbata.

Inda hoto bai wadatar ba, sai a koma ga silsilar hannayen da kayan ya bi. Wannan kamar sayen fili ne: ba ka tsayawa ga takardar da mai sayarwa ya miƙo maka, sai ka bi diddigi ka ji wa ya sayar masa, shi kuma a hannun wa ya samu, har ka dangana da mai asali. Wasiƙa daga ma'aikacin da sunansa ke cikin jerin ma'aikatan fim ɗin, rasit na tsohon gwanjo, lambar sito ta kamfani, tambarin gidan ɗinki a cikin wuyan riga irin na Bermans & Nathans na Landan ko Western Costume na Hollywood, duk waɗannan shaidu ne. Takardar shaida mai ado da hatimi kuwa darajarta daidai take da darajar wanda ya sa mata hannu, kuma kowa na iya buga ta a kwamfuta.

Ko silsila mai kyau ba ta rufe magana. A watan Disamba na 2018 gidan Profiles in History ya sa wani takobin hasken Luke Skywalker na Star Wars a kundinsa, wanda ya fito daga hannun Roger Christian, mutumin da ya ƙawata dandalin fim ɗin 1977 har ya ci Oscar a kan aikin. Masana daga cikin masoya fim ɗin suka ta da tambayoyi, jarumin da ya fito a matsayin Luke ɗin, Mark Hamill, ya ja hankalin masu saye cewa takubban ba ɗaya ba ne, ƙarshe gidan gwanjon ya janye kayan kafin ranar sayarwa. Ban kawo wannan don in zargi kowa ba. Mutum na iya yin aiki a fim da hannunsa, bayan shekara arba'in ya kasa tuna wanne ne aka haska, wanne aka ajiye. Shi ya sa nake fifita abin da ido zai gani a kan abin da baki ya faɗa.

Kada kuma ka ɗauka babban suna na gidan gwanjo garkuwa ne. A watan Oktoba na 2006 Christie's ta yi gwanjon cikar shirin talabijin na Star Trek shekara 40 a New York, kaya sama da 1,000, aka tara fiye da dala miliyan 7, samfurin jirgin Enterprise-D shi kaɗai ya tashi dala 576,000. Wani mai saye ya biya dala 6,000 a kan wata 'yar hular kare ido da aka ce jarumi Brent Spiner ya sa. Daga baya ya kai wa jarumin don ya sa masa hannu, shi kuwa ya ce masa ainihin tasa ya riga ya sayar da ita da kansa. Mutumin ya kai ƙara, kotu ta kore ta, ta dogara da sharuɗɗan gwanjon da suka ce ana sayar da kaya ne a yadda suke. Waɗannan sharuɗɗa suna nan a ƙarshen kowane kundi da ƙananan baƙaƙe. Ka karanta su kafin ka taya, ka ga tsawon lokacin da aka ba ka na mayar da kaya in ya zama ba shi ba ne, da irin hujjar da za su karɓa daga gare ka.

Akwai wata tambaya da sababbin shiga ba sa yi, ita ce nawa ne daga jikin kayan yake na asali. Mutum-mutumin R2-D2 na Star Wars da aka sayar dala 2,760,000 a 2017 haɗa shi aka yi daga sassan da aka tattaro na finafinai dabam-dabam, kuma an bayyana haka a kundin. Bindigar Han Solo, shi ma na Star Wars, da gidan gwanjo na Rock Island ya sayar dala 1,057,500 a 2022 asalinta bindigar Jamus ce ƙirar Mauser da aka yi hayarta daga kamfanin Bapty na Landan. Da aka gama fim aka kwance mata kayan ado aka mayar da ita sito, sai bayan shekaru aka sake haɗa ta. Irin wannan ba laifi ba ne in an faɗa. Laifin shi ne a sake fenti, a canja sashe, a yi shiru.

Sai kuma kayan kwaikwayo, waɗanda su ne suka cika intanet. Wasunsu halal ne, masu lasisi, ana sayar da su da sunan kwaikwayo. Andrew Ainsworth, wanda ya zuba hulunan kwanon sojojin Star Wars a 1976, ya ci gaba da yin sababbi yana sayarwa, Lucasfilm ta kai shi ƙara, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba shi gaskiya a 2011 a kan batun haƙƙin mallaka a ƙasar. Hularsa ta yau tana da kyau, amma ba ta taɓa shiga fim ba, kuma farashinta ya nuna haka. Matsalar tana zuwa ne in irin wannan kaya ya bi hannu biyu ko uku, aka tsufar da shi da gangan, labarinsa ya canja a hanya. Abin da aka zuba daga jikin wani kayan yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, gefunansa sukan dushe, kuma yakan kwafo har ƙurajen iskar da ke jikin na farkon. Masana na gane shi da awo. Na'urar da ke buga abu mai jiki daga zanen kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa wa masu jabu aiki, don haka duk abin da ka gani a shafin saye da sayarwa na eBay da arha mai ban mamaki, ka ɗauka jabu ne har sai an nuna maka akasin haka.

Wani lokaci kayan na gaske ne amma mai sayarwa ba shi da ikon sayarwa. A ƙa'ida kayan fim mallakar kamfani ne, da yawa kuma sun fita ne ta aro ko a aljihun ma'aikata. Samfurin farko na jirgin Enterprise, mai tsawon kusan ƙafa uku, Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek, ya ba da aronsa a ƙarshen shekarun 1970 bai dawo ba. A 2023 ya ɓulla a eBay bayan an same shi a wani ɗakin ajiya na haya, masoya suka gane shi, aka sauke tallan, kuma a watan Afrilu na 2024 aka miƙa shi ga ɗan Roddenberry.

Game da kuɗi, lambar da ka taya ba ita za ka biya ba. La'adar mai saye a manyan gidaje tana kaiwa kashi 25 cikin ɗari ko sama, kamar yadda ka gani a lissafin takobin nan. A kai akwai haraji, kuɗin ɗaure kaya, jigila, inshora, da kuɗin fito a kwastan. Ranar da ka tashi sayarwa kuma za a cire maka la'adar mai kaya. Ma'ana sai farashi ya hau da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Ƙiyasin da ake bugawa a kundi sau da yawa ana sassauta shi ne don a jawo masu tayi, kuma yawancin kaya na da farashin ɓoye wanda in ba a kai shi ba mai kaya zai ce albarka. Ni ba na ba kowa shawarar ya shiga wannan harka da niyyar riba, balle da kuɗin bashi ko na cefanen gida. Manyan lambobin da jaridu ke bugawa na kaya ƙalilan ne. Na finafinan da aka manta da su sukan koma gwanjo su faɗi ƙasa da yadda aka saye su.

Ƙofar mai ƙaramin ƙarfi tana nan. Yanzu kamfanoni na miƙa kayan fim ko na shirin talabijin ga gidan gwanjo kai tsaye da zarar an kammala, kuma a irin wannan gwanjon silsila gajeriya ce, daga sito zuwa hannunka. Ana samun abubuwa na 'yan ɗaruruwan daloli: kuɗin takarda ko katin shaida da aka buga don labarin, bajon kafaɗa, zanen tsara fitowa, takardar jadawalin ɗaukar fim ta rana, rigar 'yan cika fage. Da takarda da yadi da ƙarfe nake so ka fara. Duk abin da ya yi kama da makami, ko na roba ne, kada ka taya sai ka san hukuncin shigo da shi ƙasarku, domin wasu bindigogin fim na gaske ne da aka toshe, kuma jami'in kwastan ba ruwansa da fim ɗin da ta fito.

Dalilin da ya sa na ce takarda da yadi da ƙarfe shi ne yanayi. Fuskokin dodanni da fatun halittu ana yin su ne da wata roba mai kama da soso, wadda ke bushewa ta tsage ta zama gari, ko ta narke ta yi danƙo, ko da an kula da ita. Halittar fim ɗin E.T. na 1982, ƙirar Carlo Rambaldi, da gidan Julien's ya sayar dala 2,560,000 a 2022, ƙwarangwal ne na ƙarfe da wayoyi, babu fata a jikinsa. Gidajen tarihi na ajiye irin waɗannan kaya a sanyin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba, da laima matsakaiciya wadda ba ta hawa da sauka, nesa da hasken rana. In kana zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, hunturu ya busar da komai, damina ta kawo laima, wutar lantarki kuma ba tabbas, fuskar roba ba za ta yi nisa a ɗakinka ba, kuma in ta lalace ta tafi ke nan, ga kowa da kowa. Wannan yana damuna, domin kowane ɗaya daga cikin kayan nan aikin hannun wani maƙeri ne wanda sau da yawa ba a ma san sunansa ba.

Abin da ka saya, ka cire masa batir in yana da shi, kada ka kunna tsofaffin fitilunsa don nuna wa baƙi. Kada ka wanke riga, kada ka goge dattin da ke jiki, domin sau da yawa dattin fenti ne da aka sa da gangan kuma shi ne shaidar da za a daidaita da hoto. Kada ka gyara karaya da gam na kasuwa. Takarda a sa ta cikin leda ko kwali marar sinadarin da ke cin takarda, a kwance, cikin duhu. Rasit, shafin kundi, wasiƙun da kuka yi da gidan gwanjo da hotunan ranar da kayan ya iso, duk ka haɗa su wuri ɗaya ka yi musu kwafi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi shekara guda kana kallo kawai. Propstore da Heritage da Julien's da Bonhams duk suna sa kundayensu a intanet kyauta, da sakamakon gwanjon da suka wuce, kuma ana iya kallon gwanjon kai tsaye. Ka zaɓi fim ɗaya ko biyu da ka sani ciki da waje, ka riƙa ɗaukar kayan da aka ce an daidaita da hoto kana gwada neman alamun da kanka. In ranar tayi ta zo, ka rubuta wa gidan gwanjon ka nemi rahoton halin da kayan ke ciki, da ƙarin hotuna na ciki da na ƙasa, ka tambaye su kai tsaye ko an taɓa gyara shi da kuma a hannun wa ya fito. Ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, da la'ada da jigila a ciki, a takarda a gabanka, in tayi ya wuce nan ka janye hannunka.